Ruwa Ya Yi Gyara

Idirisu manomi ne a Zermu, manomi kuwa ba ya gaba da hadari. Amma tun yammacin da katanga ta sha ruwa ta faɗo wa matarsa Hajara a kan idonsa, ko gajimare ya hango sai ya shige ɗaki ya kulle kansa. Fita ta yi ta tara bokiti a ƙarƙashin indararo, kamar kullum.

Masu ta'aziyya in sun ce ya haƙuri, yana amsawa. Gaisuwar damina ce ta gagare shi. In an ce "Ya ruwa?", ko yaro ya san amsa, ruwa ya yi gyara. Shi bakinsa ya ƙi. Sai ya daina fita don kada a tambaye shi, gero na can ciyawa na cin sa.

Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba Rahina ta zo, majon asibitin garin, wato babbar ma'aikaciyar jinya, ita ce ta duba gawar. Ba ta ce masa ya yi haƙuri ba. Ta tambaye shi ko yana barci, da abin da yake ji in an yi tsawa. Ya ce shi ba ya son surutu.

"Malam Idi, tsoro ciyawa ne," in ji ta. "A noman farko ake kashe shi."

Ta ce in hadari ya taso kada ya kulle kansa. Ta ce ya zauna a rumfa da yayansa Kassim, ya faɗi abin da ya gani ko da kaɗan-kaɗan ne. Za ta dawo ran kasuwa.

Da hadarin ya taso, Kassim ya zo ya zauna kusa da shi. Da ƙyar Idirisu ya soma, maganar katanga ta fito guntu-guntu, daga nan ta koma kan Hajara, yadda take jin ƙamshin ruwa kafin kowa, tana tsokanarsa wai hancinsa na ado ne. Indararo na ta zuba a ƙasa, babu mai tarawa. Wannan ya fi tsawar yi masa ciwo. Ya tashi ya tara bokitinta.

Da aka ɗauke ruwan, maƙwabcinsa Suma'ila ya leƙo. Baki ya riga shi, ya ce, "Ya ruwa?"

"Ya yi ɓarna, Suma'ila."

Idirisu ya daɗe yana kallon bokitin, ya cika fal.

"Ya yi gyara kuma. Yaya, ina ka ajiye mini hauyata?"