Kiɗan Injiniya a Liyafar Manaja

A ofishinmu akwai wani da muke kira Injiniya, ko da yake iyakar aikinsa zuba wa firinta tawada. Tun da ya ga bidiyon masu haɗa kiɗa da rubutu a kwamfuta ya hana kowa sakat. Wai sai mutum ya buɗe manhajar rubutu, ya rubuta layi ɗaya ganga ta tashi, ya canza lamba sauti ya canza, duk a kan idon jama'a.

"Abin ba na kowa ba ne," in ji shi. "Sai mai ƙwaƙwalwa."

Da za a yi liyafar sallamar Manaja, ya nace sai da aka fasa kiran makaɗa. Ranar ya shigo da baƙin tabarau, a zauren da ko taga babu. Ya haska allon kwamfutarsa a bango, ya hau danne-danne yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Kiɗa ya tashi, kuma ba laifi, da daɗi. Har Manaja ta fara kaɗa ƙafa.

Ana cikin haka bangon ya yi baƙi ƙirin, caji ya ƙare. Amma kiɗa bai tsaya ba. Gogan naka kuwa ido a rufe, sai dukan matacciyar kwamfuta yake, har da ɗaga yatsa sama.

Direbanmu ya ce, "Injiniya, rubutun fa ya ɗauke."

"Kar ka katse min tunani!"

Sai kiɗan ya yanke, ƙarar kiran waya ta cika lasifika. Ashe wayarsa ce a ƙarƙashin tebur take kunna kiɗan da ya sauko da shi daga intanet. Garin rawar jikin kashewa ya danna amsa. Muryar matarsa ta karaɗe zauren:

"Baban yara, ka gama yi musu wasan kwaikwayon? In za ka taho ka biyo da maganin sauro."

Direba har da faɗowa daga kujera don dariya. Injiniya ya hau naɗe igiyoyin kwamfutarsa yana gunaguni, wai wutar zauren ce ba ta da kyau.

"Ɗauki kwamfutarka," in ji Manaja. "Wayar dai bar mana ita, ita ce ta iya."

Haka ya tsaya a baranda, jaka a rataye, yana jiran wayarsa har muka gama rawa.