Takardar da Ba Ta Je Gidan Waya Ba

"Ba sai kin sa hannu a komai ba," likitar ta ce wa Nélida. "Doka ta ɗauke miki wannan nauyi. Duk baligin da bai bar shaidar cewa ya ƙi ba, ana ɗauka ya yarda a cire sassan jikinsa a dasa wa marasa lafiya. Mun duba, babu sunan mahaifiyarki cikin waɗanda suka ƙi."

Ina zaune a ƙarshen bencin, hannuna cikin aljihun kwat. Na san dalilin da ya sa babu sunanta. Dalilin yana nan a aljihuna, an ninke shi gida huɗu.

Doña Herminia, uwar Nélida, maƙwabciyata ce shekara talatin da ɗaya a unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Tucumán. Ita tana soya empanada, wato irin samosar ƙasarmu, a ƙofar gidanta, ni ina gyaran takalma a shagon da ke manne da bangonta. Ranar Talata da safe ta faɗi a gaban kasko, cokalin juyi a hannunta. Jijiya ce ta fashe a kanta. Yau Alhamis, likitoci sun ce ƙwaƙwalwa ta mutu, inji ne kawai ke hura mata numfashi.

"Me za a iya ɗauka?" Nélida ta tambaya.

"Ƙoda biyu. Wataƙila da hanta."

Nélida ta share hanci. Malamar firamare ce, ita kaɗai uwarta ta haifa, kwana biyu ke nan ba ta cire rigar da ta zo da ita ba. "To, alhamdu, ko wannan ma wani abu ne," ta ce. "Mama ba ta taɓa barin mutum ya wuce ƙofarta da yunwa ba."

Na ji kamar in tashi in buga kaina a bango. Ni matar nan ta zaɓa ta bar wa wannan rigima, ta kwanta abinta.

Ga yadda abin ya faro. Lokacin da aka yi dokar, a rediyo ta ji. Ƙarfe biyar na yamma ta shigo shagona kamar kullum, da ƙoƙon shayin mate da butar ruwan zafi, ta ture takalman da ke kan kujera ta zauna.

"Anselmo, ajiye wannan ruɓaɓɓen takalmi ka ɗauko alƙalaminka."

Ni ne marubucin layinmu. A aji huɗu na bar makaranta, sauran na koya wa kaina daga tsofaffin littattafan da ake sayarwa a kilo. Duk mai wasiƙa ko ƙorafi wurina yake zuwa.

"Rubuta cewa ni, Herminia Quiroga, ban yarda a taɓa ko farcena ba."

"Haba, Doña. Me za ki yi da ƙoda a kabari? Tsutsa za ki bar wa?"

"Tsutsa tana da ladabi. Jira take yi, ba ta ƙwace."

"Mutane na mutuwa a layin jira."

"Na ce ka rubuta, ban ce ka yi min wa'azi ba. Fadan coci ma da ya yi karatun gaske bai kai ka surutu ba."

Na nuna mata ƙetaren titi. A can ne Cirilo, tsohon direban babbar mota, yake jiran bas duk Litinin da Laraba da Juma'a, ya tafi asibiti a wanke masa jini, don ƙodojinsa sun daina aiki. Shekara biyar yana jiran a samo masa ɗaya. Ita da kanta take yi masa empanada guda uku marasa gishiri, ta ware su a gefen faranti, ba ta karɓar ko sisi.

"Kina ciyar da shi, amma abin da zai raya shi kin ce gara ƙasa ta ci."

"Wancan da hannuna na ba shi," ta ce. Ta zuƙi shayin har ƙoƙon ya yi ƙara. "Sojoji sun shigo gidanmu da azahar, ɗan'uwana Lisandro yana cin abinci, suka tafi da shi. Shekararsa goma sha tara. Ba su tambayi uwata ba, ba su tambayi kowa ba. Ka san abin da ke bayan allon da aka rubuta sunansa a maƙabarta? Iska. Yanzu kuma an ce ni ce zan je in bi layi in roƙi hukuma kada ta ɗauki abin da yake nawa. Da sun zo sun ƙwanƙwasa sun tambaye ni, wataƙila in ba su har da idanu. Amma wanda ya ce shiruna yarda ce, ba zai samu komai ba."

"Ai ba waɗancan mutanen ba ne. Waɗannan likitoci ne."

"Rubuta, tsoho."

Na rubuta. Ta sa hannu da manyan baƙaƙenta masu karkata. Na gaya mata takarda kaɗai ba ta isa ba, sai ta je gidan waya da kanta da katin shaidarta a shigar da sunanta. Ita kuwa ba abin da take tsoro irin ofis. In ta ga mutum a bayan gilashi riƙe da hatimi, bakinta mutuwa yake.

"Zan raka ki," na ce. "Mako mai zuwa."

Mako mai zuwa aka yi ruwa. Na gaba bayana ya riƙe. Daga nan zafi ya shigo, na ce a bari ya sauka. Gaskiyar magana, so nake in ci ta da hujja kafin mu je. Na karanta duk abin da na samu a kan batun, kullum da yamma in zo mata da sabuwar dabara, ita kuma ta rushe ta da magana ɗaya ta ƙara ruwan zafi a ƙoƙo. Wani lokaci ta ce, "Anselmo, yaushe za mu je?" in ce, "Jibi." Ta harare ni ta ce, "Jibinka ya fi na gwamnati tsawo." Wata goma sha huɗu takardar tana cikin kwat ɗina.

Ga shi yanzu ba wanda ya san da ita sai ni. In na yi shiru, mutum biyu ko uku za su tashi daga gadon ciwo, Nélida ta koma gida da ɗan abin da zai sanyaya mata rai. Ba zan yi ƙarya ba, ba wanda ya tambaye ni komai. Shiru kawai zan yi. Sai dai shirun nan shi ne ainihin abin da matar ta ƙi.

Likitar ta koma ofishinta. Na taɓa kafaɗar Nélida.

"'Yata, zo nan bakin taga."

Na miƙa mata takardar, na gaya mata alkawarin da na yi na raka uwarta gidan waya. Ta karanta sau biyu. Ta duba kwanan watan da ke sama. Na ga wuyanta ya yi ja.

"Wata goma sha huɗu, Don Anselmo?"

"E."

"Gidan wayan nan da ba ya kai tafiyar minti goma?"

"Shi."

"Me ya hana ka?"

"Ina ganin ba ta da gaskiya."

"To yanzu fa?"

"Har yanzu ba ta da gaskiya."

Ta yi wata dariya marar daɗi, har wata mata da ke goge ƙasa ta ɗago kai. "Kai dai Allah ya yi ka don wahalar da mutane. In ba ta da gaskiya, me ya sa ba ka bar ta a aljihunka ba? Minti biyar da suka wuce ina da abu ɗaya da zan riƙe. Ɗaya tak! Ka zo ka fizge."

"Ba tawa ba ce da zan ɓoye."

"Amma taka ce da za ka zauna a kanta shekara da wata biyu!" Ta rage murya. "Ni me ya sa ba ta gaya min ba?"

"Ta ce za ki yi mata faɗa."

"Da na yi kuwa." Ta dafe goshi. "Kullum Lisandro. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, amma da shi na girma. Kujerarsa, farantinsa, ranar haihuwarsa. Yau ma shi ne zai yanke hukunci." Ta miƙo min takardar. "Yaga ta."

"Ba zan iya ba."

"To ni in yaga?"

"Tana hannunki."

Ta riƙe ta da hannu biyu. Na ga yatsunta sun matse gefen, har takardar ta fara lanƙwashewa. Tana kallon sa hannun uwarta, wannan H ɗin da ke kama da tsani ya jingina da bango. Sai ta tura min ita a ƙirji.

"Ni ba zan yaga ba, ba kuma zan kai ba. Kai ka yi alkawarin rakiya. Ga ƙofa can, ka raka ta."

Tsakanin taga da ofishin likitar bai fi taku ashirin ba. A cikinsu na sake yin gardamar nan gaba ɗaya, na kawo hujjojina duka, kuma duk sun fi nata ƙarfi. Na ƙwanƙwasa.

Likitar ta karanta a tsaye. Ta tambaye ni ko ni wane ne, wa ya rubuta, ko 'yar ta gane sa hannun. Ta fita ta yi magana da Nélida, ta buga waya, ta dawo ta cire tabarau.

"Ba a shigar da ita inda ya kamata ba," ta ce. "Amma ga sa hannunta, 'yarta ta shaida. Ba za mu taɓa ta ba." Ta dube ni, gajiya ce a fuskarta, ba fushi ba. "Baba, ka san mutum nawa ne ke jira a lardin nan?"

"Na san ɗaya," na ce.

Da la'asar aka cire injin. Washegari muka sa ta a ramin bangon maƙabarta da ke kusa da na Lisandro. Mai aikin ya shafe bakin da siminti, ya goge hannu a wando. Nélida ta karɓi gaisuwar kowa. Da ta zo kaina ta miƙo min hannu kamar baƙo, ta wuce. Har yau in ta zo share gidan, ta ɗaya gefen titin take bi.

Na sha gaya wa kaina cewa ko da an cire, ba lallai Cirilo ne zai samu ba. Layin yana da tsawo, jini ma sai ya dace. Gaskiya ne. Sai dai wanda zai samu ɗin, wani Cirilon ne a wani titi, wanda ban san fuskarsa ba.

Ranar Litinin na buɗe shago. Ƙarfe bakwai da rabi sai ga shi ya tsallako, yana tafe a hankali, hannunsa na hagu naɗe da bandeji.

"Don Anselmo, ashe haka abu ya faru. Ranar jana'iza ina kan inji, ban samu zuwa ba."

"Ba komai, Cirilo."

"Mace ta gari. Bakinta kamar reza, amma ta gari." Ya kalli ƙofarta a rufe, da baƙin tabon mai a ƙasa inda kaskon yake zama. "Yanzu wa zai riƙa yi min marasa gishiri?"

Na sa ƙusa a baki kamar aiki ya sha min kai.

Bas ɗinsa ta kunno kai daga kwana. Ya koma ƙetare, ya kama ƙarfen ƙofa da hannunsa mai lafiya ya hau. Da ta tashi ya ɗago min yatsu biyu ta taga.

Ƙoƙon shayinta yana nan kan kantata tsakanin gwangwanin gam da zaren ɗinki, inda ta bar shi yammacin Litinin ɗin da ta gabata. Ganyen ciki ya bushe ya kama tsinken zuƙa, ya tsaya a karkace.