Jabir na Bogi

Ƙanena Jabir ruwa ya ci shi tsakanin Warra da Yelwa, ranar kasuwa, da rana tsaka. Jirgin da ya shiga ya hau kututture ya tsage. Ni ma jirgin inji nake ja a tafkin nan tun ban tsiro gemu ba, na san wurin. Itatuwan tsohon garinmu ne da ruwa ya shanye lokacin da aka datse Kainji, har yau suna nan tsaye a ƙasa. Mun fito da mutane, masu rai da waɗanda suka cika. Jabir ba mu gan shi ba. Mun ja taru, masu nutso sun nutsa har kunnuwansu suka yi ciwo, muka haƙura.

Shi ɗan rahoton wasanni ne a wani gidan rediyo. Ƙwallo, kokawa, tseren kwale-kwale, duk inda aka taru yana nan da 'yar rikodarsa. Ba ya fara magana sai ya ce, “Jama'a a aje cokali, a saurara.” Yaran Yauri duk sun haddace. Amma wanda ya fi kowa iya kwaikwayonsa Joshua ne, abokinsa, mai shagon cajin waya a bakin tashar Yelwa. Shekarun da Fesbuk ya shigo hannun kowa, Joshua ya buɗe shafi ya sa masa suna Jabir na Bogi. Akuya ta ci tumatirin mai talla, sai ya rubuta rahoto kamar wasan ƙarshe ne, har da jan kati. 'Yan acaɓa biyu sun yi karo, ya ce an buga fanareti an zubar. Jabir da kansa yakan karanta mana yana dariya har da hawaye, yana cewa wannan ɗan banza ya fi shi iya aikinsa.

Liman ya ce tunda mutane sun ga nutsewarsa da idonsu, a yi masa salla, a yi sadaka, matarsa Maimuna ta shiga takaba. Inna, mahaifiyarmu, ta yi ta jan ƙafa, tana cewa ruwa yakan dawo da abin da ya ɗauka. Da ƙyar ta yarda aka sa rana.

Ana gobe sadakar, Tabawa maƙwabciyarmu mai bandar kifi ta shigo da waya a hannu tana hawaye. An buga wasan kofin Yauri na farko ba Jabir, mutane suka dami Joshua, shi kuma ya rubuta rahoto ɗaya don tunawa da abokinsa. Tabawa ta ga kamar Inna za ta ji sanyi, ta karanta mata. Ta fara da a aje cokali, ta ƙare da “Ni ne naku Jabir, daga bakin fili.”

Inna ba ta karatu, idonta ma ya yi rauni. Ta tambaya yaushe aka buga wasan. Aka ce jiya. Ta ce to a bar dakan gumba, ba a yi wa mai rai sadaka.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce shafin wasa ne, sunansa ma na bogi. Ta ce ta goya yaron nan, ta san maganarsa. Ta ce wataƙila masunta suka tsince shi can wajen Shanga, kansa ya bugu, yana jin kunyar dawowa. Na ce Inna mutumin da kansa ya bugu ba ya zuwa kallon ƙwallo. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, “Kai wanga, in kana gaggawar rufe ƙanenka, kawo gawa.”

Maimuna ce ta shiga uku. Ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Mata su zo gaisuwa su rasa abin da za su ce mata. In ta sa kwalli a yi magana, in ba ta sa ba Inna ta ce tana yi wa mijinta fatan mutuwa. Ta rame, ta daina fita ko ɗiban ruwa. Kullum da hantsi Inna ta aika a kira Tabawa ta sake karanta rahoton nan, Maimuna tana ɗaki tana ji. Mahaifinta Malam Basiru ya aiko daga Shanga cewa in ba mu san matsayin ɗiyarsa ba, shi zai zo ya ɗauke ta, kuma zumunci ya ƙare.

Na tafi Yelwa na sami Joshua cikin wayoyinsa. Da ya gan ni ya miƙe. Na ce masa ya ɗauko takalminsa, zai je gaban Inna ya yi abin da yake yi, da baki, ta ji da kunnenta.

“Yaya Sallau, ka ce in goge shafin, yanzu zan goge. Wannan kam ba zan iya ba.”

“Ka iya a gaban duniya, ka kasa a gaban tsohuwa ɗaya? Tashi.”

Muka shiga jirgina. Da muka zo daidai wurin da Jabir ya nutse, Joshua ya runtse ido yana addu'arsu ta coci. Ni ban rage gudu ba.

Mun tarar da Inna a gindin mangwaro tana tsince shinkafa da laluben hannu. Joshua ya durƙusa ya gaishe ta. Ta san shi, ya sha cin tuwonta. Ta tambayi Esther matarsa da yara, ta yi masa tsiya cewa ya manta hanya. Na ce mata ga mai rubutun nan na kawo. Ta ce Joshua ɗin da ko wanke hannu bai iya ba.

Na ce masa ya fara. Ya duba tsakar gida. Ba komai sai agwagwa da kaji suna faɗa kan dusar shinkafa. Ya ɗaga hannu kusa da baki kamar mai riƙe rikoda.

“Jama'a a aje cokali, a saurara. Ga Agwagwa ta ɗauko daga tsakiya, tana tafe tana rangaji. Ta yanke kaza ɗaya, ta yanke ta biyu. Zakara mai tsaron gida ya fito, ya buɗe fiffike, alƙalin wasa yana can yana barci a bakin randa...”

Ni ba mai tsoro ba ne. Na ɗauko gawa daga ruwa da hannuna ba sau ɗaya ba. Amma na ji tsikar jikina ta tashi tun daga ƙeya. Har ɗan jan numfashin nan da Jabir yake yi ta hanci kafin ya ce an ci, yana ciki. Sai da na waiga ƙofar zaure. A ɗaki na ji kwano ya faɗi, Maimuna ta fito bakin ƙofa ba ɗankwali, tana duban ko'ina ban da Joshua.

Bai kai ƙarshe ba, muryar ta karye ta koma tasa.

Inna ta ture faifan shinkafa. Ta ce ya matso. Ta shafa fuskarsa, goshi, kunne, haɓa, ta daɗe a maƙogwaro. Shi yana kuka ba sauti.

“Kai ne na ranar wasan kofi?”

“Ni ne, Inna. Ki yafe mini.”

Ta janye hannunta ta goge a zane. Ta juya ta fuskanci wajen tafki. Sannan ta ce in je in gaya wa Liman a yi sallar gobe bayan azahar. Ta kira Maimuna ta ce ta cire 'yan kunnenta, ta zo a tsefe mata kai. Ga Joshua kuwa ta ce ta yafe, ya zo ya ci tuwo duk ranar da ya so, amma muryar nan ya bar ta a waje, kada ta sake shigo mata gida.

Aka yi salla a bakin ruwa, babu makara. Malam Basiru ya zo, ya tsaya a sahuna. Joshua ya tsaya can gefe da hularsa a hannu. A gabana ya goge shafin kafin ya hau jirgin komawa.

Maimuna ta yi takabarta a gidanmu, ta fara cin abinci. Inna ba ta sake ambaton Shanga ba. Sai dai Tabawa ta gaya mini, duk ranar da aka buga wasa aka jiyo ihun yara daga fili, Inna takan kira ta ta katanga, ƙasa-ƙasa, ta ce ta ɗan duba wayar nan. Tabawa ta duba ta ce babu komai. Inna ta ce to.