Hantar Malam Bappayo

Abdulrahim ya riƙe bakin ƙwaryar kafin ta kai leɓen maras lafiyar.

"Inna Yelwa, don Allah a dakata da jiƙon nan. A kai shi asibiti."

"Sakar min ƙwarya, ɗan nan," in ji matar. "Ciwon shawara ne, ba ya son allura. Kaf Azare wa bai sani ba?"

Mijinta Malam Bappayo, mai tufka igiyar shanu, yana kishingiɗe a ƙofar ɗaki, idanunsa kamar gwaiduwar ƙwai, cikinsa a kumbure. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da su Abdulrahim.

Saurayin ya karanci kimiyyar jiki a jami'a, abin da ya sani kuwa shi ke cinsa. Ƙwayar cuta ce ta shiga hanta. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai sinadarai masu sarrafa abinci, su ne kuma ke hana cutar abin da za ta hayayyafa da shi. Kowane kurɓi na sassaƙen nan ƙarin kaya ne a kansu.

"Malam," ya ce, "ɓarawo ne ya shiga gida, masu gida suna rufe rumbu don yunwa ta kore shi. Jiƙon nan janye su yake daga bakin rumbun."

Tsohon ya murmusa. "Kai da ko kaza ba ka taɓa feɗewa ba, yaushe ka leƙa hantata?" Ya numfasa. "Ƙanena Ladan, da hantsi aka yi masa allura, la'asar a maƙabarta ta same mu. Miƙo, Yelwa."

Abdulrahim ya saki.

Kwanaki suka shuɗe. Malam Bappayo ya daina gane mutane, Hausa ma ta gudu daga bakinsa, sai Fulatanci, yana kiran shanun da ya yi kiwo yana yaro a wajen Chinade. Ranar wata Laraba da hantsi Inna Yelwa ta leƙo ta kan katanga, ba ta dubi Abdulrahim ba.

"Nemo motar, mu kai shi."

Da gudu ya tafi tasha. A dawowa, suna shan kwanar unguwa shi da direba, ya jiyo salatin mata. Direban ya kashe mota, ya fito ya nemi buta.

Ƙofar motar ta baya da Abdulrahim ya buɗe ta zauna a buɗe har azahar. Wata akuya ta zo ta kwanta a inuwarta.