Kusurwa Huɗu a Ɗakin Alhaji Ajimi

A shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi, kafin farin nan da ya cinye shanu, Alhaji Ajimi ya gina ɗakin baƙi a Magarya, na siminti da kwano, har da silin. Ya gano wani katakon ado a Kano, mai tudu da kwari, da ake bi da shi inda bango ya haɗu da silin, ya ce shi ma sai an yi masa. Aka kawo katakon daga kudu cikin damina, ɗanye sharaf. Aka kira Dalhatu kafinta.

To, wa za a kira? Shekara talatin duk ƙofar kirki daga Magarya zuwa Waca hannunsa ce. Kuma ya san abin da magina ba sa so a faɗa: babu kusurwar da take daidai a garin nan, da ido da igiya ake fitar da ita. Don haka ba ya yanka katako biyu a karkace ya haɗa bakinsu. Na farko yakan tura shi har ƙurya ya kafe. Na biyu sai ya zauna da siririn zarto da magagari ya sassaƙe bakinsa, tudu ya shiga kwari, har ya kwanta kan na farkon kamar murfi a kan tukunya. Ko katako ya bushe ya ja jiki, haɗin ba ya buɗewa. Sai dai kusurwa ɗaya takan ci masa yini guda.

Ya gama ɗaya ke nan, sai ga mota ta sauke wani Isufu daga Kano, da zarton inji da injin wutarsa. Rabin unguwa ta taru kallo.

"Alhaji, bangon nan a karkace yake," in ji Dalhatu. "Katakon kuma bai bushe ba. Inji bai san wannan ba."

Isufu ya yi dariya. "Baba, inji ba ya tambayar bango. Kai dai matsa baya, kada ya kama maka riga."

"Dalhatu, ɗaki nake so, ba sassaƙar ludayi ba," in ji Alhaji. Mutane suka kwashe da dariya.

Kafin la'asar Isufu ya yanke kusurwa ukun da suka rage, ya buga ƙusa, ya shafe da fenti. Alhaji bai tsaya nan ba, ya sayi injin, ya buɗe wa Isufu shago a bakin tasha. Tun daga ranar aiki ya ɗauke wa Dalhatu ƙafa. Sai gyaran kujerar tsakar gida, sai ƙofar akurki.

Bazara ta zo, katako ya bushe. Wata safiya sai ga Alhaji da kansa a ƙofar gidan Dalhatu, yana magana ƙasa-ƙasa. Kusurwa uku sun wage baki, ɗan yatsa na shiga. Ɗaya ce kawai a rufe. Ga sunan ɗan da aka haifa masa saura kwana biyar, manyan 'yan kasuwa za su zo daga Dungas da Mallawa.

"Ka gyara mini, don Allah. Ranar suna ni da bakina zan faɗi sunanka a gaban kowa."

Da Dalhatu ya shiga ɗauko kayan aiki, matarsa Rakiya ta tare shi.

"Malam, kada ka je. Bar su a wage har ranar. Uku a buɗe, taka a rufe, wane shaida kake nema kuma?"

"Ya ce zai faɗa."

"Alhajin da ya sayi inji ne zai faɗa? In ka nace, cusa musu garin katako da ƙaro, su sake tsagewa bayan suna."

"Hannuna bai iya wannan ba, Rakiya."

Kwana uku yana kan tsani. Alhaji ya sa aka rufe ƙofa, wai don kada a dame shi. Dalhatu ya ɓamɓare aikin Isufu, ya ɗauki ragowar katakon da yanzu ya bushe ƙayau, ya sassaƙe kowane baki a hankali. Da ya shafa fenti, ko allura ba za ta sami hanya ba.

Ranar suna ya sa farar rigarsa ya zauna kusa da ƙofa. Alhaji Goni na Dungas, wanda ke shirin gina nasa gidan, ya ɗaga kai ya daɗe yana duba.

"An ce mini yankan inji buɗewa yake yi da bazara."

"Ga bazara, ga ɗaki," in ji Alhaji Ajimi. "Duba da idonka."

Dalhatu ya gyara murya. "Alhaji, ai..."

Alhaji Ajimi ya tari numfashinsa. "Yawwa, ga Dalhatu ma! Shi ya yi guda ɗaya da hannu, yini cur ya yi a kanta. Ukun kuwa duk garin nan sun ga inji ya yanka su. Ka ga na faɗi sunanka. Tashi ka nuna musu wacce ce taka."

Dalhatu ya tashi. Ya dubi ta gabas, ya dubi ta yamma. Duk huɗun sun kwanta lif, babu wadda ta fi wata. Zai ce duka aikinsa ne? Wa ya gan shi? Ƙofa a rufe take, fenti ya bushe.

"Ka gani?" in ji Alhaji Goni, yana dariya. "Shi kansa bai iya bambancewa ba. Ina Isufun yake? A kira mini shi."

Dalhatu bai jira rabon goro ba. A gida Rakiya ta dubi fuskarsa. Ta dai nuna masa wata kujera mai ƙafa uku da aka kawo gyara tun safe.