Furen da Ya Riga Kwamiti

A garin Tsuruhata ba a cewa furen bishiyar sakura ya buɗe sai Kuwabara Tetsuo ya ce ya buɗe. Tun da ya ajiye aikin shugaban tashar jirgin ƙasa aka ɗora masa wannan nauyi, don mutum ne mai bin ƙa'ida, irin wanda ko jirgi ba kowa a ciki sai ya sara masa. Da sanyi ya fara ja da baya, kullum da safe yakan sa baƙar kwat da farar safar hannu, ya gangara bakin kogi wurin tsohuwar bishiyar da ke ƙofar wurin ibada, ya ɗaga kai ya duba rassanta. Ran da ya ga fure ya buɗe sai ya kaɗa ƙararrawar tagulla, ya yi shela, daga nan kowa ya fito da tabarmarsa da abincinsa.

Bikin gari kuwa yana hannun kwamiti, kwamiti kuma yana hannun Inagaki, mai gidan giyar shinkafa. A wannan shekara Inagaki ya yi abin da ba a taɓa yi ba: ya samo alkawarin mataimakin gwamna cewa zai zo. Aka tsayar da rana can tsakiyar Afrilu, aka shirya makaɗan manyan ganguna, da matan da ke haɗa shayi, da jerin gwanon masu kimono, wato rigar gargajiya, da gasar gajerun waƙoƙi. Babban abin kallo shi ne a kaɗa ƙararrawa a gaban babban baƙo.

Sai ga ɗumi ya sauko da wuri. Maris bai ƙare ba Tetsuo ya ɗaga kai wata safiya ya ga reshe guda ya yi fari. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, reshen na nan yadda yake. Don girmamawa, kafin ya taɓa ƙararrawa sai ya biya ta wurin Inagaki.

"Shugaba, sun buɗe."

"Su wa?"

"Furanni mana."

Inagaki ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "In ji wa?"

"Da idona na gani."

"Ka kaɗa ƙararrawa?"

"Tukuna."

"To ashe ba su buɗe ba. Zauna, Kuwabara-san, ka tsorata ni a banza." Ya zuba masa shayi. "Duba nan. In ka kaɗa yau, gobe gari ya fito ya ci ya sha ya gaji. Ranar biki wa zai zo? Mataimakin gwamna ya yi wa kujeru jawabi? Ka ɗan kawar da kai kawai. Ai ba ƙarya za ka yi ba, jinkiri ne. Kai da ka yi aikin jirgi ka san jinkiri."

"Jirgina bai taɓa jinkiri ba," in ji Tetsuo.

"Shi ya sa kowa zai yarda da kai."

Haka Tetsuo ya fito bai kaɗa ƙararrawa ba. Washegari ya je, ya tarar bishiyar ta ƙara fari. Ya tsaya ya dube ta tsaf, ya juya ga 'yan tsofaffin da ke rako shi kullum, ya ce, "Da saura." Su ma suka ɗaga kai, suka gyaɗa, suka ce lallai da saura.

Mako bai zagayo ba bakin kogin nan ya zama fari fat tun daga gada har makarantar firamare. Mutanen Tsuruhata kuwa ba sa kunyata dattijo. Tunda Kuwabara-san, kamar yadda suke kiransa don girmamawa, ya ce da saura, to da saura. Suna wucewa ƙarƙashin bishiyoyi kai a sunkuye, kamar masu neman allura. Wanzami ya juya kujerarsa ta daina fuskantar taga. Baƙin da suka sauko daga jirgi suna ta ɗaukar hoto, in sun ce, "Kai, bana fure ya yi kyau!" sai matar da ke ba da bayani a tasha ta rusuna ta ce, "Mun gode ƙwarai. Sai dai a hukumance bai fito ba." Mai sayar da tofu, wato awara, kuma kullum sai ya tare shi: "Kuwabara-san, ya toho?" Shi kuma ya ce, "Yana nan tafe," yana kakkaɓe furen da ya zubo masa a hula.

Wadda ba ta shiga wannan wasa ba ita ce matarsa Sumie.

"Baban Mieko, in kai ka asibitin ido ne, ko asibitin kai?"

"Maganar kwamiti ce, ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Bishiya ce ba ta halarci taro ba." Ta ci gaba da dunƙula shinkafa tana naɗewa da ganyen teku, tana jerawa a akwati.

"Wannan fa na ina ne?"

"Na inda za ni."

Da ya isa bakin aiki da hantsi sai ya tarar da ita da ƙawayenta sun shimfiɗa shuɗiyar leda daidai gindin bishiyar tasa. Ga soyayyiyar kaza, ga ƙwai naɗaɗɗe, ga kwalba a tsakiya. Wadda ke zuba wa kowa kuwa matar Inagaki ce da kanta.

"Haba Sumie! Ba a yi shela ba fa."

"Wa ya ce fure muka zo kallo? Toho muka zo gani. Ko shi ma sai an kaɗa masa ƙararrawa?"

Mata suka tuntsire da dariya suna rufe baki. Matar Inagaki ta miƙo masa ƙaramin kofi ta ce, "Zauna mana, Kuwabara-san. Tohon bana har inuwa gare shi."

Bai zauna ba. Ya tsaya a gefe, hannu a baya, cikinsa na kuka. Iska ta kaɗa, fure ya zubo musu cikin abinci da gashi, suna ta shewa. Shekara da shekaru yana duba wannan bishiya bai taɓa ganin ta cika haka ba, kuma shi kaɗai ne a duk garin ba shi da izinin ya ce ta yi kyau. Ya tuna gwiwarsa da ke ƙara ƙin gangaren nan kowace shekara. Ya juya ya tafi.

Kwamiti ya yi zaman gaggawa a kan yadda za a tsayar da fure. Wani ya ce a lulluɓe bishiyoyi da raga. Wani ya ce a rubuta wa ofishin hasashen yanayi takardar ƙorafi. A ƙarshe aka amince da shawarar ma'aji, cewa a sanyaya saiwoyi don bishiya ta ɗauka har yanzu hunturu ne. Aka kwaso ƙanƙara daga shagon mai kifi aka jibge a gindin kowace. Bishiyoyi ba su ruɗu ba, amma kyanwoyin gari kaf suka tare a bakin kogi, ƙarni kuma ya kai har tasha.

Ana jibi biki aka tashi da ruwa da iska. Da gari ya waye fure duk yana cikin kogi, ruwa ya koma ruwan hoda yana tafiya da shi. A sama sai ɗanyen ganye.

Ranar biki aka cika, don mutanen Tsuruhata ba sa ƙin gayyata. Mataimakin gwamna bai zo ba, wani aiki ya taso masa. Ya aiko ƙaramin jami'i mai takunkumi a fuska, wanda ke atishawa bayan kowace jimla. Jami'in ya karanta jawabin da aka ba shi yadda aka rubuta shi, har inda ya ce, "Dubi wannan farin girgije na furanni da ya yi mana rumfa." Jama'a suka ɗaga kai suka dubi ganye, suka tafa.

Sai aka kira Tetsuo. Ya fito da ƙararrawa a hannu, ya ɗaga kai yana neman ko fure ɗaya da zai fake da shi. Ya bi reshe reshe. Babu. Inagaki na gefe cikin baƙar kimono yana yi masa alama da gira: kaɗa mana! Tetsuo ya ɗaga hannu, hannun ya ƙi. Ya hango Sumie a cikin taro ta naɗe hannu tana jiransa.

Ya sauke ƙararrawar, ya matso kusa da lasifika.

"Sun zo," in ji shi. "Sun tafi. Na ce ban gani ba."

Ya rusuna har kansa ya kusa taɓa gwiwa, ya tsaya a haka yana jiran abin da zai biyo baya. Wuri ya yi tsit, sai atishawar jami'i.

Can sai Malama Horiuchi, tsohuwar da ke alƙalancin gasar waƙa, ta miƙe tana share hawaye. "Ashe waƙa ce!" in ji ta. "Kun ji? Sun zo, sun tafi. Duk rayuwar ɗan Adam ke nan! Tun da nake alƙalanci ban ji mai zurfin wannan ba."

Taro ya sami mafita, aka ɓarke da tafi. Makaɗa suka saki ganguna. Jami'i ya ce a maimaita masa ya kai wa mai gidansa. Tetsuo ya ɗago yana cewa, "A'a, ba waƙa ba ce, haƙuri nake ba ku," amma ganga ta danne muryarsa. Kafin la'asar an ba shi lambar farko, an rataya masa ƙyalle a ƙirji. Inagaki, wanda shi ke cin gasar nan tun da aka fara ta, ya zo na biyu da waƙarsa mai yabon mataimakin gwamna.

Ruwan sama Inagaki ya yafe, rashin zuwan baƙo ma ya yafe. Lambar nan ce bai yafe ba. A zama na gaba kwamiti ya yi wa Tetsuo godiya mai tsawo, aka ce shekaru sun ja, ya kamata ya huta ya fuskanci baiwarsa ta waƙa. Aka naɗa surukin Inagaki, wani dattijo mai suna Nukui, a gurbinsa.

Tetsuo ya naɗe ƙararrawar a ƙyalle ya kai masa gida da kansa, Sumie na biye. Nukui ya fito zaure da fara'a, ya rusuna, ya yi dogon jawabi cewa zai riƙe amanar da ido biyu. Duk wannan jawabi rigar ruwan da ke rataye jikin bango yake yi wa. Tetsuo ya jira har ya gama, sannan ya kama kafaɗunsa a hankali ya juyo da shi, ya danƙa masa ƙararrawar a hannu.

Da suka fito Sumie ta ce, "To, wannan kam ba zai yi musu ƙarya ba."

Tetsuo ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Sai da ya dafa katangar gidan mutane saboda dariya.