Ɗan Farin Inna Azumi

Marigayi Malam Issa abu biyu ya bar wa matarsa Azumi: ciki da falo a hawa na huɗu a wani lungu na Giza a ƙasar Masar, da katin asibiti mai hotonta. Tun yana saurayi ya baro Damagaram, ya ƙare ƙarfinsa wajen sharar ajujuwa a wata makarantar gwamnati har ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Babu abin da yake tinƙaho da shi kamar katin nan na ta'amin, wato inshorar lafiya ta 'yan fansho. Duk Bahaushen da ya hau benen shan shayi sai ya sha labarinsa. Cewa yake gwamnatin Masar ta ɗauke masa nauyin tsufa, in ya mutu ma za ta ɗauki na Azumi. Allah ya jiƙansa, ya tafi bai ga irin ɗaukar ba.

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin zuciyar Inna Azumi ta fara gajiya. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya zama sai ta nemo shi. Likitan ta'amin ya rubuta mata magani kala biyu, ya ja mata kunne cewa ƙaramar farar ƙwayar ita ke riƙe da ita, kada ta kuskura ta tsallake ko kwana ɗaya. To, ita ce kuma ba a samu a tagar da ake raba magani. Inna ta sha layi tun safe, in ta iso gaba sai mai tagar ya miƙo mata ɗayan, ya ce ma'alish, ta yi haƙuri, wannan daga ƙasar waje ake kawo shi, ta duba kantin magani. A kantin kuwa ga shi nan jere, sai dai kuɗinsa ya kusa cinye fanshon gaba ɗaya, kuma kowane wata ƙara hawa yake. Ta sayar da 'yan kunnenta, ta sayar da tabarmar falo mai laushi. Daga baya ta koma gutsurar ƙwayar gida biyu da sauran haƙoranta.

Za ka ce ba ta da kowa ne? Tana da shi. Rabi'u, ɗanta guda da ya rage, direba ne a gidan wani jami'in jakadanci a Zamalek, albashinsa ba laifi, kuma yaro ne mai tausayi. Da ya sani, da ranar zai sayo. Matsalar ita ce shi ne ɗan fari.

Inna irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Ana yaye shi ta miƙa wa Goggo Asama'u, ƙanwar mijinta, kuma duk abin da ke tsakaninsu ta bakin Goggo yake bi. In Inna na son a ce ya rage yawo, Goggo ce. In shi yana son sanin ko zanen da ya aiko ya yi mata, Goggo ce. Sai Goggo ta tattara ta koma Damagaram ta ce a can take son a binne ta, ta bar uwa da ɗa kamar baƙi biyu a tasha. Abin da ban haushi da ban tausayi, don duk garin nan babu wanda take so kamarsa.

Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaida labulen da take zaune a bayansa. Ita kuma ta amsa wa butar shayi. In ya tambaya ko akwai abin da ake bukata, sai ta ce wa butar babu. Shi kuwa ya taso da huɗubar ubansa a kunne, ya sakankance katin ya gama komai. Don haka sai ya riƙa kawo abin da yake ganin ya dace da uwa: turare, dabino, har da wata atamfa mai tsada da ya sa aka taho masa da ita daga Kano. Inna ta shafa atamfar, ta san za ta sayi maganin watanni, ta kuma san ba za ta iya kai kyautar ɗanta kasuwa ba. Ta ninke ta sa a ƙasan akwati.

Maƙwabciyarta Ummu Hadi, Bamisriya mai murya kamar lasifika, kullum tana baranda tana ƙwala wa ɗanta kira, tana zaginsa tana sa masa albarka a numfashi guda. Ita ta fara lura Inna ta daina sauka, sai dai ta zura kwando da igiya mai burodi ya sa mata. Da ta ji dalili ta dafe ƙirji, ta rantse ranar Juma'a za ta tare Rabi'u a matakala ta faɗa masa tas. Inna ta kama hannunta ta roƙe ta da girman Allah. A ce baƙuwa ce ta gaya wa ɗanta uwarsa na cikin wahala? Wannan tozarta shi ne, gara ta san yadda za ta yi da kanta. Ummu Hadi ta ce khalas, shi ke nan, ta ji, amma ita wannan kunya ba ta gane kanta ba.

Ranar Alhamis rabin ƙwaya na ƙarshe ya tafi. Da Juma'a ta zo, Inna ta yi abin da a wurinta ya kai ihu: ta ɗauki kwalin maganin da babu komai a ciki, ta buɗe bakinsa, ta ajiye a kan tire kusa da kofin shayinsa, ta tura tiren ta ƙarƙashin labule.

Rabi'u ya ga kwalin. Ya yi sauri ya kau da kai, don ɗa mai tarbiyya ba ya ƙura wa kayan jinyar uwarsa ido. Ya zaci mantuwa ta yi. Ya ɗan ture shi gefe da yatsa, ya kurɓi shayi, har da ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi, ana dai samun magani," ya ce wa labulen. "Allah ya jiƙan Baba. Katin nan ya yi mana rana, Inna."

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai amin.

Ya ajiye ledar dabino, ya yi sallama. Tana jin takunsa yana sauka, hawa bayan hawa, ƙirjinta na yi mata nauyi kamar an ɗora turmi. Sai tsoro ya kama ta, tsoron mutuwa ƙarara, ba ta ma san lokacin da ta dafa bango ta fita baranda ba. Ga shi can ƙasa, farar jallabiya, yana nufar bakin titi inda ƙananan motocin haya ke tsayawa. Ta riƙe igiyar kwando da hannu biyu, ta tattara ɗan numfashin da ya rage mata.

"Rabi'u."

Sunan ya fito, ya sauka har ƙasa. Ya ji, don ya tsaya cak. Ya waiwaya wajen mai burodi, ya leƙa shagon aski, ya dubi masu shan shayi a bakin lungu ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗaga kai sama ba. Bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba, balle ya gane ta.

Yaron mota ya buga ƙofa yana cewa yalla, a shigo a tafi. Rabi'u ya ɗaga kafaɗa ya shiga. Inna ta sake buɗe baki, amma numfashin ya ƙare, kuma wata Juma'ar da nisa.